Sayen nagari a layin ƴan bosho na Maraɗi

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk garin da wannan takarda ta isa. Yaya zafi? Mun san amsar ita ce "lokacinsa ne", amma lokacin nan ba shi da sauƙi ga mace. Daga watan Maris har saukar ruwan farko, zafin rana a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, kuma a cikinsa muke daka, mu je rijiya, mu tsaya gaban murhu, sau da yawa da goyo a baya. Tufar da ke jikin mace a irin wannan lokaci tana iya rage mata wahala, tana kuma iya ƙara mata. Ga shi bazara ce lokacin da hatsi ke ƙasa a rumbu, kuɗi ke wuyar samu, ga bukin aure da suna, ga ankon 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, yana jiran kowa.

Wannan ne ya sa ƙungiyarmu ta tura mu huɗu zuwa babbar kasuwar Maraɗi, wajen masu sayar da kayan bosho, wato gwanjo. Aiki biyu aka ɗora mana. Na farko, mata 11 sun haɗa kuɗin aljihunsu don a sawo musu kayan shan iska, nasu da na ɗiyansu. Na biyu ya fi nauyi. Wata daga cikinmu ta nemi bashi a asusu don ta fara sayar da bosho a ƙauye, kuma dila guda take so ta saya. Kuɗin asusu zubin mata 30 ne, mako bayan mako, ba a fitar da shi a kan "an ce". Taro ya ce a je a gani, gani ya kori ji. Ayarin namu shi ne shugaba, da ma'ajiya, da mai keken ɗinkin ƙungiya, da ita kanta mai neman bashin.

Hanyar Maraɗi

Ƙauyenmu yana tsakanin Gidan Runji da Tsibiri. Litinin da Juma'a su ne ranakun da kasuwar Maraɗi ke cika. Muka zaɓi Litinin, don ranar Juma'a masu rumfa suna tashi masallaci da tsakar rana, ciniki ya tsaya. Muna idar da sallar asuba muka fito bakin kwalta, muka samu mota.

A watan Afrilu gonaki fayau suke. Maza sun fara sharar gona, hayaƙin kara yana tashi nan da can. Itacen da ya fi kowane kore shi ne gawo, wanda ke fitar da ganye da rani ya zubar da shi da damina, awaki sun taru a inuwarsa suna tsintar ƴaƴansa. Gulbin Maraɗi ya ƙafe, sai yashi, amma lambunan bakinsa sun cika da mangwaro. Tsofaffi suna ba da labari cewa tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin nan yake, sai ambaliyar 1945 ta ci shi, aka mai da mutane bisa tudu. A kan tudun nan ne kasuwa take yau. Kuma a jihar nan ta Maraɗi ne aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da yanzu ake aiki da shi a ƙasashe da yawa. Duk lokacin da muka shigo garin da kuɗin ƙungiya a ƙugu, mukan tuna da haka.

Daga tasha muka hau adaidaita. Kafin ƙarfe takwas muna cikin kasuwa. Wadda ke son bosho mai kyau ta yi sammako, don da safe ake fasa dila, kuma da safe mutum ke da ƙarfin tsayawa ya duba kaya ɗaya bayan ɗaya. In rana ta take, gajiya ce ke yi wa mace zaɓi.

Masu bosho ba wuri ɗaya suke ba. Wasu suna da rumfa, sun rataye riguna a igiya har sama, an goge su, kamar sababbi. Wasu a bakin titi suke kewaye da kasuwa, sun zube kaya tsibi-tsibi a kan leda, yaro yana tsaye yana kiran farashi. Kusa da su ga ƴan atamfa da turame jere, ga ƴan koli, ga teloli kekuna suna ta ƙara. Wurin yana da wani wari nasa, na kayan da suka daɗe a matse. Wadda ta taɓa shiga layin nan ko ido rufe za ta gane shi.

Daga ina dila ke fitowa

Wasu mutane har yanzu suna cewa bosho kayan matattu ne. Mafi yawansa kayan masu rai ne da suka gaji da su. A Turai da Amurka da ƙasar Sin da Koriya mutane suna sayen tufa da yawa, su sa ta kaɗan, su ba da ita ko su jefa a akwatunan da aka ajiye don haka. Kamfanoni su tattara, su ware rigunan mata daban, na yara daban, wanduna daban, zannuwan gado daban, su matse su da inji a ɗaure da ƙarfe. Ita ce dila. Da yawa nauyinsu kilo 45 ne, wasu 55. Daga nan sai jirgin ruwa.

Ƙasarmu ba ta da teku. Shekaru da yawa kayan Maraɗi ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke sauka, su biyo ta Gaya da Doso da Kwanni. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma ta Lome, su ratso Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, kuma a kan rigar da kike riƙe da ita ake fanshe shi. Wani abu kuma: Najeriya ta daɗe da hana shigar da gwanjo a hukumance, alhali mutanenta suna sonsa. Maraɗi kuwa ga Ɗan Isa nan kusa, ga Jibiya da Katsina a gaba. Shi ya sa fataucin tufafi ya daɗe yana cikin manyan sana'o'in alhazan garin nan. Mu masu sayen riga uku ko huɗu, a ƙarshen doguwar igiya muke.

Fasa dila

Mun yi sa'a, wani dattijo mai rumfa zai fasa dilar rigunan mata. Muka gaisa, ma'ajiya ta ce, "Alhaji, mu baƙi ne daga ƙauye, kallo munka zo yi kafin mu saya." Ya ce, "Bisimilla Hajiya, kallo ba a biya. Amma ku ja baya kaɗan, ƙarfen nan in ya tsinke yana duka."

Da aka yanke ƙarfen, dilar ta kumbura kamar ƙullun da ya kwana. Nan da nan waɗanda suka saba suka kai hannu. Su ne masu zaɓin farko: suna ɗaukar mafi kyau, su biya da tsada, su je su wanke su goge su rataye a rumfa. Bayansu sai zaɓi na biyu, farashi ya sauko. Abin da ya rage a zube shi a leda, a sa masa kuɗi ɗaya, kowa ya tona.

Muka zauna gefe, mai ɗinkinmu tana lura, mai neman bashi tana ƙirgawa a ranta. A cikin dilar nan akwai riguna masu kyau ƙwarai. Akwai kuma waɗanda ba mace ɗaya a ƙauyenmu da za ta sa su: marasa hannu, masu tsayawa a cibiya, masu buɗaɗɗen baya. Akwai masu kauri na ƙasar sanyi. Akwai masu tabo da masu yagewa. Takardar da ke jikin dila tana faɗin irin kayan da ke ciki, amma ba ta faɗin nawa ne za su sayu. Mai dila kansa sai ya fasa yake sanin ko ya ci ko an ci shi.

Muka tambaye shi yadda yake yi da ragowar. Ya ce, "Inna, ni a birni nike. Wanda matan aure sunka ƙi, ƴan mata su ɗauka. Wanda sunka ƙi, masu gyaran mota su saya su share hannu. Ba abin da ke kwana a banza." Wannan maganar muka riƙe, don ita ce amsar tambayar da ƙungiya ta aiko mu da ita. Za mu dawo kanta.

Zare ake saya

Babban abin da muke so kowace mace ta ɗauka daga tafiyar nan shi ne, a bazara zaren tufa ya fi launinta da fasalinta muhimmanci. Auduga tana shan zufa, iska ta ratsa ta, jiki ya yi sanyi. Zaren roba ba ya shan zufa, sai ta tsaya tsakaninsa da fata, ga ɗoyi, ga ƙurajen zafi, musamman a wuyan yara da bayan mai goyo. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Tufar roba in wuta ta lashe ta narkewa take ta manne a fata. Mace mai kwana gaban murhu, ko mai tuyar ƙosai da awara, ta yi nesa da ita.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ya yi mana rana. Kusan kowace rigar bosho tana da ƴar takarda a wuya ko a gefen ɗinki ta ciki. A juya rigar a nemo ta. In an rubuta coton ko cotton, auduga ce, kuma lambar da ke kusa tana faɗin yawanta: 100% tsantsa ke nan. In an rubuta lin ko linen, lilin ne, ya fi kowane sanyi, illarsa yamutsewa. In an rubuta viscose, zare ne da ake yi da itace, yana da laushi da sanyi, yana zubowa a jiki da kyau, sai dai ba ya son murza mai ƙarfi a wanki, kuma yakan ɗan tsuke. In kuwa an ga polyester ko nylon ko acrylique da babbar lamba, a ajiye, wannan sai lokacin ɗari. In an gauraya, a duba wanda ya fi yawa. Auduga 60 roba 40 ana iya haƙuri da ita. In an juya lambobin, a bar ta.

Wadda ba ta yi karatu ba, ko ta tarar an yanke takardar, tana da hannu. Ki dunƙule gefen rigar ki saki. Auduga da lilin za su nuna alamar dunƙulewa, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ki ɗiga ruwa kaɗan a ciki, auduga za ta shanye nan take, a kan roba ɗigon yakan tsaya. Roba kuma tana da santsi da ƙyalli, wanda shi ne ke ruɗin ido. Akwai gwajin wuta: a zaro zare ɗaya a ƙona, na auduga ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Amma wannan a gida ake yinsa. Kada wadda ta ƙyasta ashana a cikin kasuwa. Ku gwada shi a ƙyallen atamfa ma, don wasu atamfofi masu araha akwai roba a zarensu, shi ya sa wani zanen ke ƙona ƙugu.

Bayan zare sai lafiyar riga. A ɗaga ta a rana, hudar da ido bai gani ba za ta fito, kuma za a ga ko tana nuna jiki. A duba hammata da wuya, don tabon tsohuwar zufa mai ruwan ɗorawa ba ya fita. A ja ɗinki kaɗan. A gwada zik, a ƙirga maɓallai. Maɓalli ɗaya da ya faɗi ba matsala ba ce, dalilin rage kuɗi ne. Robar ƙugu in ta saki, tela zai canja ta.

Tun da ba a gwada tufa a tsakar kasuwa, kowace mace da ta ba mu saƙo ta ba mu igiya biyu masu ƙulli: ɗaya faɗin ƙirji, ɗaya tsawo. Haka na yara. Ma'ajiya ta liƙa sunan kowa a jikin igiyarta. Haruffan S da M da L da XL suna taimako, amma L ɗin wata ƙasa M ne a wata. Igiya ba ta ƙarya. Kuma na zafi a sayi wanda ya ɗan fi jiki, don iska ta samu wurin wucewa.

Yadda muke haɗa su da namu

Ana cewa araha ba ta ado. Mu mun ce tana yi, in ta samu wanki da guga da ido. Ba mu ce a bar atamfa ba. Zane shi ne tushen shigarmu, bosho yana zuwa ne ya taimake shi. Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce, kowace mace ta ba mu ƙyallen zannuwan da take da su. A kasuwa sai mu ɗora ƙyallen a kan riga. Ana duba launi ɗaya daga cikin zanen atamfar, a nemi riga mai wannan launin, marar ado. Zane mai hayaniya yana son riga shiru. Riga ɗaya mai ruwan madara, ko ruwan toka, ko ruwan bula, tana tafiya da zane uku ko huɗu. Fari tas yana da sanyi a rana amma ƙurar bazara ba ta raga masa, kuma yakan nuna jiki. Baƙi mai matse jiki kuwa azaba ne.

Ta aikin gida: tsohon zane da ya sha wanki ya yi laushi, da tishat ta auduga mai ɗan hannu, da kallabin auduga. Ba a buƙatar fiye da haka.

Ta fita kasuwa ko taron asusu ko zuwa likita: a nan mai ɗinkinmu ta kai mu tsibin da ba mu yi zato ba, na rigunan maza masu maɓalli da dogon hannu. Da yawansu auduga ce tsantsa, suna da faɗi, suna sauka har su rufe ƙugu, dogon hannun yana tare rana. Tana cire kwalar, ta zagaye wuyan da bakin hannun da ƙyallen atamfar zanen da za a ɗaura. In aka gama ba mai cewa rigar namiji ce, sai a ce ɗinki ne. Mai shayarwa ta fi kowa jin daɗinta saboda maɓallan gaba.

Doguwar riga ta viscose ko auduga tana da kyau ga zaman suna da ziyara. In ta gaza tsawo, a ƙara mata faffaɗan baki na atamfa a ƙasa. In ba ta da hannu, a yi mata da atamfar nan, a yanki kallabi daga ciki, shiga ta haɗu. A sa shimi ta auduga a ciki.

Turmi ɗaya zane uku ne. Maimakon a kai shi duka a ɗinka riga da zane da kallabi, wanda kaya ɗaya ke nan, ana iya barin biyu a matsayin zane, na ukun a yanka shi ya yi kallabi da bakin riguna uku na bosho. Turmi ɗaya ya ba da shiga uku. Wadda ta sayi ankon 13 ga Mayu ta tuna da wannan, don kada a sa shi rana ɗaya a ninke a akwati.

Sai lulluɓi. Hijaban da suka cika kasuwa da yawansu roba ce, kuma kai da wuya su ne suka fi jin zafi. A tsibin gyale na bosho ana samun manya na auduga, marasa nauyi, waɗanda ba sa nuna jiki. Wadda ta fi son hijabi ta nemi yadin auduga a ɗinka mata. Sutura ta cika, numfashi bai tsaya ba.

Kada ku wuce masu zannuwan gado. Babban zanen gado na auduga yadi ne mai yawa a kuɗi kaɗan. Guda ɗaya da muka saya ya fitar da fatari biyu da rigunan yara uku. Fari wanda ya dushe ana kai shi marina ya dawo sabo. Na yara kuwa, auduga mai faɗi, da hula ga mai tafiya lakwal a rana. Abu ɗaya ne muka yarda a tsakaninmu ba ma saye a bosho, shi ne ƙananan kayan ciki. Waɗannan a sayi sababbi ko a ɗinka.

Ciniki da lissafi

Ciniki a Maraɗi sai da haƙuri. Wani saurayi ya sa wa riga jika ɗaya da rabi. Ma'ajiya ta taya dala ɗari. Ya ce, "Albarka, Inna." Ta ce, "Ɗana, dubi wuyanta, ga maɓalli babu. Kuma ba ɗaya muke so ba, goma muke so." Da ya ji goma sai murya ta sauka. Wannan shi ne amfanin haɗa saƙo: mota ɗaya aka biya wa mutum huɗu maimakon goma sha ɗaya, kuma mai saye da yawa yana da baki. A ware duk abin da ake so tukuna, a yi cinikinsu a haɗe, a ƙarshe a nemi gyara. Mu an yi mana gyaran wandon yaro. Kuɗi kuwa a raba shi wuri biyu, kada a kwance ƙulli duka a gaban jama'a.

Ga lissafin da muke koya wa junanmu. A ce riga ta tsaya sefa 1000. In ana sa ta sau biyu a mako, wata uku na bazara, sau 26 ke nan, kowace sawa ba ta kai sefa 40 ba. Wata rigar mai ƙyalli ta sefa 500, in zafi ya sa an sa ta sau biyu an jefar, kowace sawa ta ci 250. Wadda ta fi tsada a baki ita ce ta fi araha a jiki. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Da azahar ta kusa muka fake a inuwar dogonyaro, muka sha fura da ruwan leda. Ma'ajiya ta buɗe littafi ta rubuta abin da aka saya wa kowa, da kuɗinsa, da canjinta. Kuɗin mota aka raba shi daidai a kan masu saƙo. Duk wanda aka aika da kuɗin mutane ya rubuta tun a kasuwa, kafin lambobi su cakuɗe a kai.

Kafin a sa

Kayan bosho ba a sa su daga leda. A jiƙa su da sabulu su ɗan daɗe, a wanke, a ɗauraye sau biyu, a juya cikinsu waje a shanya a rana har su bushe ƙarau. Masu launi a wanke su daban, don wasu suna zuba. Sannan a goge da dutsen guga, har cikin ɗinki. Na jarirai a maimaita wankin. In aka bi da turaren wuta, warin dila ya tafi ke nan.

Abin da taro ya yanke

Ranar zubi muka ba da rahoto. Muka ce dila guda ba ta dace da mai farawa a ƙauye ba. Mai rumfa a Maraɗi yana da masu sayen kowane irin saura, ita kuwa ƴar uwarmu gari ɗaya gare ta da kasuwar mako. Duk abin da bai dace da shigar garinmu ba zai zauna mata a ɗaka, alhali ranar biyan bashi ba ta jira. In ta kasa, kuɗin mata 30 ne ya maƙale, daidai lokacin da wasu za su nemi na iri da taki.

Ba ta ji daɗi ba da farko, don ta riga ta sa rai, kuma gaskiya ne riga ɗaya ta fi araha a cikin dila. Aka yi ta magana. A ƙarshe taro ya yarda a ba ta ƙaramin bashi, ta riƙa zuwa Maraɗi ranar Litinin da sassafe ta zaɓo da hannunta, kaya 30 zuwa 40, mafi yawa na yara da rigunan auduga. Za ta wanke ta goge kafin ta fitar. Masu buƙatar gyara ta kai wa mai ɗinkinmu, kowa ta samu nata. Aka kuma sa mata sharaɗi: kada ta ba da kaya bashi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, don tufa tana cikin abin da maƙwabta suka fi ɗauka da "sai an sayar da akuya". In ta biya sau uku ba tare da jinkiri ba, a sake duba maganar dila, wataƙila ta haɗa da wata su raba. Zuwa yanzu ta je sau biyu. Kayan yara ba sa kwana, dogayen riguna ne ke jan ƙafa, ta ce za ta rage su.

Ƴan uwa na Damagaram da ke cin kasuwar Dole ranar Alhamis, da na Tawa masu kasuwar Lahadi, da na Yamai masu shiga Katako da Wadata da babbar kasuwa, bosho yana ko'ina, kuma farashinku ba lalle ya zama namu ba. Ku tafi da igiyar awo da ƙyallen zane da littafi, ku tafi da wadda ta iya karanta ƴar takardar wuya. Ƙungiyar da ta taɓa ba da bashi a kan dila ta rubuto ta faɗa mana yadda aka ƙare, don sauran su ƙaru. Allah ya kawo damina mai albarka, ya sa wa zubinmu albarka. Amin.